Mutum 12 Masu Taya Alƙali Shari'a

Duwatsu biyu ne manya a cikin ganuwar birnin Kano, Dala da Goron Dutse. A unguwar Goron Dutse akwai gidan yari, wanda tun 2019 hukuma take kira gidan gyaran hali. Akwai kuma wani tsoho a Kurmawa, kusa da gidan Sarki.

Mutanen da ke cikin irin waɗannan gidaje kashi biyu ne. Akwai waɗanda aka yi wa shari'a, aka same su da laifi, suna cin sarƙa. Akwai kuma waɗanda aka ajiye suna jiran shari'a. A Nijeriya masu jiran shari'a sun fi rabin dukan mutanen da ke tsare. A cikinsu wani ya yi abin da ake zarginsa da shi, wani bai yi ba.

To, wa zai rarrabe? A ƙasarmu alƙali ne. Shi ke jin shaidu, shi ke cewa an yi ko ba a yi ba, shi ne kuma ke yanke hukunci. Amma a waɗansu ƙasashe ana kiran talakawa daga gidajensu su zo su taya alƙali wannan aiki. Darasinmu na yau a kan waɗannan mutane yake, da yadda suke aikinsu, da abin da ya shafe mu a ciki.

1. Mene ne juri?

Juri kalmar Turanci ce. Asalinta daga rantsuwa ne, watau mutanen da aka rantsar. A Ingila mutum 12 ne. Ba alƙalai ba ne, ba kuwa lauyoyi ba. Za ka iske a cikinsu akwai direba, da mai kanti, da malamar makaranta, da birkila, da tsohon da ya bar aiki. Ana kiransu domin shari'ar manyan laifuka, kamar kisan kai, da fashi, da fyaɗe. Ƙananan laifuka kuwa majistare ke gamawa da su.

An raba aikin shari'a gida biyu. Alƙali shi ne masanin doka. Shi ke tsare ƙa'idar kotu, shi ke bayyana abin da doka ta ce. Su kuma mutum 12 tambaya guda ce aka ɗora musu: wannan mutum da ke tsaye, ya aikata abin da ake tuhumarsa da shi, ko bai aikata ba? In sun ce bai aikata ba, sai a sake shi nan take, alƙali ba shi da ikon riƙe shi a kan wannan tuhuma. In sun ce ya aikata, sa'an nan alƙali ya faɗi horon da za a yi masa.

2. Asalin abin

A zamanin da, in an zargi mutum a Ingila, sai a ɗaure shi a jefa shi a ruwa, ko a sa shi ya riƙe ƙarfe mai zafi, wai a ga ko yana da gaskiya. Kusan ɗaya ne da labarin shan gwaska da tsofaffi ke bayarwa a ƙasarmu.

A 1166 Sarki Henri na 2 ya yi doka. Ya ce in alƙalansa sun zo rangadi, a tara mutum 12 daga kowace gunduma, su rantse, su faɗi waɗanda ake zargi da kisa ko fashi ko sata a yankinsu. A 1215 shugabannin addinin Kirista suka hana limamansu shiga sha'anin gwajin ruwa da wuta, sai gwajin ya mutu. A wannan shekara kuma manyan ƙasar suka matsa wa Sarki Jon ya yarda da wata takarda da ake kira Magna Karta. A ciki ya yi alkawarin ba za a kulle ɗa ba sai da hukuncin tsararrakinsa ko bisa dokar ƙasa. Sannu a hankali sai yanke magana ya koma hannun mutum 12.

Ba da sauƙi suka sami 'yancin faɗin abin da suka gani ba. A 1670 aka kai wani mai wa'azi, William Penn, da abokinsa gaban kotu a Landan, domin ya yi wa'azi a kan titi. Alƙalai suna so a ce suna da laifi. 'Yan juri suka ƙi. Aka kulle su kwana biyu ba ci ba sha, ba su sake magana ba. Aka ci su tara. Ɗaya daga cikinsu, Edward Bushel, ya ƙi biya, aka kai shi kurkuku. Da maganar ta kai gaban wani babban joji mai suna Vaughan, sai ya ce a sake shi, domin ba a horon ɗan juri saboda hukuncin da ya yanke. Wannan ƙa'ida tana nan har yau.

Da farko maza kaɗai ake kira, masu dukiya. Mata sun fara shiga a 1920.

3. Yadda ake kiran mutum

Ba wanda ke neman wannan aiki, ba kuwa a ba da shi don sanayya. A Ingila ana ɗibar sunaye ne daga rajistar masu zaɓe, kwamfuta ce ke zaɓowa kamar ƙuri'a. Wanda ya kai shekara 18, bai wuce 75 ba, sunansa yana iya fitowa. Amma wanda aka taɓa yanke wa ɗaurin shekara 5 ko fiye ba ya yi har abada. Wanda ke kan beli shi ma ba ya yi.

In sunanka ya fito, sai takardar sammaci ta zo maka gida. Tilas ka amsa cikin kwana 7. In kana da uzuri mai ƙarfi, kamar ciwo, sai ka rubuta ka faɗa, a ɗaga maka zuwa wani lokaci. Wanda ya yi biris ana iya cinsa tarar da ta kai fam 1,000. Yawanci aikin kwana 10 ne na aiki, amma wata shari'a takan ɗauki watanni. Babu albashi. Ana dai biyan kuɗin mota da na abinci, da wani abu daga cikin hasarar da mutum ya yi ta barin sana'arsa.

Ran shari'a sai a shigo da mutum kamar 15 cikin kotu. Akawu ya jujjuya katuna masu sunayensu, ya zaro 12. In ɗaya daga cikinsu ya san wanda ake tuhuma, ko ya san wani shaida, lalle ya faɗa, a sa wani a madadinsa. Daga nan kowa ya rantse cewa zai yi hukunci da gaskiya bisa shaidar da aka kawo. Kowa da littafin addininsa yake rantsuwa. Musulmi da Alƙur'ani, Kirista da nasa littafin. Wanda ba ya son rantsuwa sai ya yi alkawari a bainar jama'a, nauyinsu ɗaya a wurin doka.

4. Aikinsu a cikin kotu

Babban aikin ɗan juri shi ne sauraro. Lauyan gwamnati zai kawo shaidunsa ɗaya bayan ɗaya. Kowane ya gama, sai lauyan wanda ake tuhuma ya tashi ya yi masa tambayoyi, don a ga ko maganarsa za ta tsaya. Sa'an nan wanda ake tuhuma ya kawo nasa shaidun, in yana da su, a yi musu haka nan. Duk a gaban idonsa ake yi, domin ba a yi wa mutum aski ba ya nan.

Ga ƙa'idodin da ake gindaya wa ɗan juri.

Na ɗaya, ya ɗauka wanda ake tuhuma ba shi da laifi, har sai an tabbatar. Mai ƙara ne zai kawo hujja. Ba a cewa wanda ake tuhuma ya wanke kansa.

Na biyu, abin da aka faɗa a kotu kaɗai zai yi aiki da shi. Abin da ya ji a rediyo, ko a kasuwa, ko ya gani a wayarsa, ba shaida ba ne. An hana shi ya je ya yi nasa binciken. A 2012 an ɗaure wata mata wata 6 a Ingila saboda ta duba labarin wanda ake tuhuma a intanet, ta zo ta gaya wa sauran.

Na uku, kada ya yi zancen shari'ar da kowa a waje, ko da matarsa ce ko mijinta. In wani ya tare shi da toshi ko da barazana, ya gaya wa alƙali nan da nan.

Na huɗu, kada ya ce mutum yana da laifi sai ya tabbata a ransa. In shakka mai dalili ta rage, to wanda ake tuhuma ne ke cin amfaninta. Hikimar ita ce, mai laifin da ya kuɓuta yau ana iya kama shi a wani laifin gobe, amma wanda aka rataye bisa kuskure ba ya dawowa.

5. Ga misali

A ce an kashe wani falke da dare a bakin hanya, aka kama wani mahauci. Shaidu uku suka zo.

Na farko ya ce duk gari an san mahaucin ne ya yi. Aka tambaye shi, "Kai ka gani?" Ya ce a'a, a majalisa ya ji. To, wannan magana ba ta da nauyi ko na ƙwayar gero. Gani ya kori ji.

Na biyu ya ce ya ga jini a rigar mahaucin da safe. Gaskiya ya faɗa. Amma mahauci ne fa, jini a rigarsa ba abin mamaki ba ne. Sai in likita ya auna ya ce jinin mamacin ne.

Na uku ya ce shi da idonsa ya gani, bayan sallar lisha, daga nesa kamar taki 100, a hasken farin wata. Wannan ita ce shaida mai nauyi. Sai lauya ya tambaye shi ranar. Aka lissafa, ashe 27 ga wata ne. Kowane manomi ya san ranar 27 ga wata, wata ba ya fitowa sai gab da asuba. To, da wane haske ya gane fuskar mutum daga taki 100? Da aka ƙara tonawa sai aka iske akwai tsohuwar rigimar gona tsakaninsa da mahaucin. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kun ga, gane wannan ba ya bukatar karatun lauya. Hankali yake bukata, da sanin zaman duniya. Dalilin da ya sa ake kiran talakawa ke nan. Ku lura kuma, in aka saki mahaucin ba a ce lalle bai yi ba. Cewa aka yi mai ƙara bai tabbatar ba.

6. Ɗakin shawara

In an gama jin kowa, sai alƙali ya taƙaita musu shaidar, ya bayyana musu doka. Daga nan a kai su wani ɗaki a rufe. Ba alƙali, ba lauya, ba ɗan sanda. Su zaɓi ɗaya daga cikinsu ya shugabanci zaman. Kowa ya faɗi yadda ya gani, a yi ta muhawara. Abin da aka faɗa a ɗakin nan asiri ne, wanda ya fitar da shi ya yi laifi.

Abin da ake so shi ne bakinsu ya zo ɗaya. Tun 1967 dokar Ingila ta yarda, in sun shafe awa 2 ko fiye sun kasa, alƙali yana iya karɓar maganar mutum 10 daga cikin 12. In ko haka bai samu ba, sai a sallame su, ana iya sake shari'ar da waɗansu. A Amurka kuwa, a babban laifi, sai duka sun yarda kafin a ce mutum yana da laifi.

Nan ne ake gane mai tsoron Allah. Wani lokaci mutum 11 za su ce abu guda, kai kaɗai ka ga akasinsa. An gaji, kowa yana son komawa gida. Aikinka shi ne ka saurari dalilansu da zuciya ɗaya. In sun gamsar da kai, ka bi su, ba abin kunya ba ne. In ba su gamsar da kai ba, kada ka sayar da ran mutum don a tashi da wuri.

7. Amfaninsa da aibinsa

Masu son wannan tsari suna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da mutum ɗaya ya manta, wani zai tuna. Sayen mutum 12 waɗanda ba a san su ba sai ranar shari'a ya fi sayen mutum ɗaya wuya. Kuma mai mulki ba zai iya kulle abokin gabansa ba sai talakawa sun yarda, kamar yadda muka gani a labarin Bushel.

Amma yana da aibi. Yana cin lokaci da kuɗi. Kuma in zukatan mutanen gari sun karkace, hukuncinsu ma sai ya karkace. A 1955, a jihar Misisifi ta Amurka, waɗansu fararen fata biyu suka kashe wani yaro baƙar fata ɗan shekara 14, mai suna Emmett Till. 'Yan juri duka fararen fata ne. Suka yi shawara ta awa ɗaya da 'yan mintoci, suka ce ba su da laifi. A shekarar da ta biyo baya mutanen nan biyu suka faɗa wa wata mujalla da bakinsu cewa su suka yi. Ƙabilanci ya rinjayi rantsuwa.

Saboda dalilai iri iri waɗansu ƙasashe sun daina. Indiya ta bar tsarin bayan wata shari'ar kisa da aka yi a Bombai a 1959. Afirka ta Kudu ta soke shi a 1969.

8. Mu fa, a ƙasarmu?

Da Turawan Ingila suka kama Ikko a 1861, sun kai shari'ar juri can. An yi ta amfani da ita a Ikko a shari'ar kisan kai har cikin shekarun 1970, zamanin mulkin soja, sa'an nan aka soke ta. A ƙasar Gana kuwa ana shari'ar kisan kai da 'yan juri 7. Saboda haka Bahaushen zangon Kumasi ko na Nima a Ankara, in ɗan ƙasa ne kuma yana jin Turanci, ana iya kiransa.

A Arewa ba a taɓa kafa juri ba. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun iske shari'a a tsaye, da alƙalanta da littattafanta. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, Shehu Magili ya rubuta masa nasiha a kan mulki da adalci. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma a nan Kano ya rubuta littafinsa Liya'ul Hukkami, wajen 1806. Sai Turawa suka bar kotunan alƙalai a ƙarƙashin En'e.

A wancan tsari ma alƙali ba ya zama shi kaɗai. Yana da muftai, malamai masu duba masa littafi su ba shi shawara. Shari'ar kisan kai kuwa majalisar Sarki ake kai ta, Sarki ya zauna da Waziri da malamai da sauran 'yan majalisa. In an yanke hukuncin kisa, sai Gwamna ya tabbatar kafin a zartar. Dokar Turawa kuma ta yarda joji ya zauna da mashawarta, dattawan da suka san al'adar wuri. Bambancinsu da 'yan juri shi ne, su shawara kawai suke bayarwa, joji yana iya ɗauka yana iya bari.

Nauyin da aka ɗora wa 'yan juri a Ingila, shari'ar Musulunci ta ɗora babban rabonsa a kan shaidu. A mazhabar Malikiyya ana tabbatar da kisan kai da iƙirarin mai laifi, ko da shaidar maza biyu adalai. Ba kowa ake karɓar shaidarsa ba. Ana yin tazkiyya, watau a tambayi mutanen kirki halin mai shaidar. Ba a karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa, ko ta ɗa domin ubansa. In akwai alama mai ƙarfi amma shaida ba ta cika ba, sai a koma ga ƙasama, watau dangin mamaci maza su yi rantsuwa 50. Kafin alƙali ya yanke hukunci kuma sai ya yi i'izari, ya tambayi wanda za a yanke wa ko yana da sauran magana.

A 1947 aka yi wata shari'a da ta tayar da ƙura. Majalisar Sarkin Gwandu ta yanke wa wani mai suna Tsofo Gubba hukuncin kisa, kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin, domin a dokar Turawa laifinsa bai kai na kisa ba. Aka ga dokoki biyu suna karo. A 1958 gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta gayyato kwamitin masana, shugabansa Sayyid Muhammad Abu Rannat, babban jojin Sudan. Daga shawararsu aka yi dokar Final Kod, wadda ta fara aiki ran 30 ga Satumba 1960. Tsakanin 1967 da 1968 aka soke kotunan sarakuna, aka mai da kotunan En'e hannun gwamnati. A 2000 Jihar Kano ta kafa dokar laifuka ta shari'ar Musulunci. A duk waɗannan canje-canje ba a kawo juri ba. Alƙali ke yanke magana, wanda bai yarda ba ya ɗaukaka ƙara, har zuwa Kotun Ƙoli a Abuja.

9. Naka rabon

To, ɗan'uwa, ba za a aiko maka da sammacin juri ba. Amma ana iya aiko maka da sammacin shaida. Alƙali ba ya wurin da aka yi abin. Idonka ne idonsa, kunnenka ne kunnensa. In ka karkata, shi ma ya karkata. Saboda haka ka riƙe waɗannan.

In sammaci ya zo, karanta shi da kyau. Dubi sunan kotu, da rana, da lokaci. Ka tafi. Duk ranar da shaida bai zo ba ana ɗaga shari'a, a mai da mutum Goron Dutse ko Kurmawa ya ci gaba da jira, iyalinsa ma suna jira.

Faɗi abin da ka gani da idonka, ka tsaya nan. In ji ka yi, ka ce ji ka yi. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. In ka manta, ka ce ka manta. Kada ka cike giɓi don a ce ka iya magana.

Kada ka karɓi ko sisin kwabo don ka ƙara ko ka rage. Malamai sun lissafa shaidar zur cikin manyan zunubai, kuma doka ta tanadi ɗauri ga mai yin ta. Ɓoye shaida ma zunubi ne.

Kada ka dangwala hannu a takardar da ba ka san abin da ke cikinta ba. In da Turanci aka rubuta, ka ce a karanta maka, a fassara maka da Hausa. In an rubuta abin da ba ka faɗa ba, ka ce a gyara. Nan za ka ga amfanin zuwanka aji. Wanda ya iya karatu shi ke duba maganarsa da kansa.

In kuma kai aka kama, ko ɗanka, tsarin mulki na 1999 ya ba ku haƙƙi. Sashe na 36 ya ce ba ka da laifi sai an tabbatar. Dole a gaya maka tuhumar da harshen da kake ji. Dole a ba ka tafinta kyauta in ba ka jin harshen kotu. Kana da ikon ɗaukar lauya, da ikon yi wa shaidu tambayoyi. Sashe na 35 ya ce a kai ka gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Wanda ba shi da halin biyan lauya, akwai hukumar ba da lauya kyauta da gwamnatin tarayya ta kafa a 1976.

10. Taron kasuwa ba kotu ba ne

Wani zai ce, ai mu ma jama'a suna yanke hukunci, in an yi ihun ɓarawo a kasuwa kowa ya ɗauki sanda. Wannan kuskure ne babba. 'Yan juri sun rantse, sun ji ɓangare biyu, sun zauna sun yi shawara. Taron kasuwa bai rantse ba, bai ji komai ba sai ihu. A watan Maris 2025 aka tare waɗansu mafarauta a garin Uromi na Jihar Edo, suna kan hanyar komawa gida Kano. Aka ce masu satar mutane ne, taro ya kashe 16 daga cikinsu. Ba wanda ya tsaya ya ji ta bakinsu.

Abin da ba mu so a yi wa namu a garin wani, kada mu yi wa baƙo a garinmu. In an kama wanda ake zargi, a kai shi wurin mai unguwa ko dagaci, a miƙa shi ga 'yan sanda da ransa da lafiyarsa. Wanda ya sa hannu aka kashe shi, shi ma ya yi kisan kai a wurin doka. In ka ga abin da ya faru, ka bi su ka ba da shaida. Taimakon da shari'a ke nema a wurinka ke nan.

Tambayoyi

1. Mutum nawa ne 'yan juri a Ingila? Nawa ne a Gana?
2. Wace tambaya guda aka ɗora wa 'yan juri? Wane aiki ya rage wa alƙali?
3. Me ya sami Edward Bushel a 1670?
4. A misalin mahauci, me ya rushe maganar shaida na uku?
5. Mene ne tazkiyya? Mene ne i'izari?
6. Me za ka yi in aka ba ka takarda da Turanci aka ce ka dangwala hannu?
7. Rubuta wannan a littafinka sau 3: Zan faɗi abin da na gani, ba ƙari ba ragi.